Ganyen Teku: Ɗibarsa da Girkinsa a Ƙasar Japan



Abin da zan yi magana a kansa yau ba shi da suna a Hausa, kuma ba abin mamaki ba ne, don kuwa tsakanin ƙasar Hausa da teku akwai tafiya mai nisa. Muna da gansakuka, wadda kan rufe fuskar kududdufi, muna da kainuwa da bado, amma babu ɗaya daga cikinsu da ya yi daidai da tsiron nan da ke manne da duwatsu a cikin ruwan gishiri. Saboda haka zan kira shi ganyen teku. Na guje wa kiransa ciyawa da gangan, domin a kunnen Bahaushe ciyawa abincin dabba ce, wannan kuwa abinci ne da aka daɗe ana kai wa fadar sarki. Sai dai a lura, ko ganyen ma aron suna ne. Wannan tsiro ba shi da saiwa, ba ya fure, ba ya 'ya'ya. Abin da ya yi kama da saiwa a gindinsa mariƙi ne kawai da yake kama dutse da shi, abincinsa kuwa da dukan jikinsa yake tsotsa daga ruwa.

Japan ƙasa ce ta tsibirai, kuma duwatsu da dazuzzuka sun cinye wajen kashi biyu cikin uku na faɗinta. Ƙasar noma kaɗan ce, gaɓar teku kuwa tana da tsawon gaske. Mutanen da ke zaune a irin wannan wuri dole su waiwayi ruwa. Tun a shekarar 701, cikin dokokin mulki da ake kira Taiho, an lissafa ganyen teku iri iri a cikin kayan da talakawa za su iya biyan haraji da su. Wanda ya san tarihin jangali da kuɗin ƙasa ya san hukuma ba ta sa haraji a kan abin banza. Sunayen ma shaida ne. Inda mu muke neman kalma ɗaya mu rasa, Bajapane yana da nori, da kombu, da wakame, da hijiki, da mozuku, da arame, da tengusa, kowanne da lokacinsa, da wurin da ake samunsa, da irin tukunyar da yake shiga. Kamar dai yadda baƙo zai dubi bayan gari da damina ya ce ciyawa ce, matar ƙauye kuwa ta duba ta ga tafasa, ta ga lalo, ta ga yaɗiya, ta ga karkashi.

To, yaya ake ɗibarsa? Wanda ya ji an ce ba shuka shi aka yi ba, sai ya ɗauka kowa na iya saɓa kwando ya nufi gaɓa ya yi ta tsinka kamar mai roron gyaɗa bayan an gama girbi. Ba haka abin yake ba, kuma wannan shi ne jigon maganata. A Japan kusan babu wani dutse a bakin teku da ba shi da masu shi. Tun zamanin da, kowane ƙauyen masunta yake riƙe da gaɓar da ke gabansa, kuma dokar kamun kifi ta 1949 ta tabbatar da wannan al'ada, ta danƙa haƙƙin a hannun ƙungiyoyin gama kai na masunta. Baƙon da ya zo yawon shan iska ya yanki wakame ko hijiki a inda ƙungiya ke da haƙƙi, ɓarawo ne a idon shari'a, kuma tun daga 2020 tararsa tana iya kaiwa yen miliyan 1. Wanda yake son ya ɗiba da hannunsa sai ya nemi izini, ko kuma ya shiga cikin irin fitar da wasu ƙungiyoyin kan shirya wa baƙi a ƙarƙashin idon masunci.

Su kansu 'yan ƙungiyar ba su da ikon fita ranar da suka ga dama. Akwai ranar buɗewa, wadda suke kira kuchiake, ma'anarta buɗe baki. Kafin wannan rana ba mai taɓa ganye, ko da ya cika ya batse a gaban gidansa. Wanda ya san yadda ake hana su a Matan Fada ta Argungu sai ranar da aka ba da izini, ba zai sha wuyar gane hikimar ba. A tsibirin Hokkaido, can arewa inda ruwa ke da sanyi, inda kuma ake samun wajen kashi 90 cikin 100 na kombun ƙasar, akan duba sararin sama da asuba, in an ga za a yi rana kuma teku ta kwanta, sai a ɗaga tuta, kwalekwale su tashi gaba ɗaya, in an sauke ta kuma kowa ya daina. Lokacinsa daga Yuli ne zuwa Satumba. Masunci yakan leƙa ƙasan ruwa ta cikin wani akwati mai gindin gilashi, ya zura doguwar sanda mai ƙugiya ko mai baki biyu, ya naɗo ganyen ya murɗe ya jawo. Ganye ɗaya yakan fi tsawon mutum sau biyu ko sau uku, wani irin ma ya zarce haka nesa. A gaɓa kuma iyali na jira, a shimfiɗa shi ɗaya bayan ɗaya a kan filin tsakuwa da aka tanada musamman, domin tsakuwa tana barin iska ta ratsa ta ƙasa, ba ta kuma ɓata shi da yashi. Ana so ya bushe a rana guda. Shi ya sa ba a ɗaga tuta ranar da hadari ya haɗu.

Wakame da hijiki na ƙarshen sanyi ne zuwa farkon ɗumi, wajen Fabrairu zuwa Mayu. A nan wata ne ke mulki. Teku takan cika ta janye sau biyu a wuni da kwana, amma janyewar ta fi nisa a lokacin tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu. A waɗannan ranaku duwatsun da kullum ke nutse sukan bayyana na 'yan sa'o'i, sai mata da maza su bi su da lauje. Mai yankan hijiki ba ya tumɓukewa. Yakan bar mariƙin a jikin dutse, domin daga nan ne sabon tsiro zai tofo baɗi. Wakame kuwa shekara ɗaya yake yi ya mutu, amma a gindinsa akwai wani ɓangare mai naɗe-naɗe da ake kira mekabu, wanda shi ne ke sakin ƙwayoyin iri cikin ruwa, don haka wanda ya kwashe mekabu duka ya cinye irin shukarsa. A jihar Mie, wajen Toba da Shima, akwai mata masu nutso da ake kira ama, waɗanda ke shiga ƙasan ruwa ba tare da tukunyar iska ba, su ɗebo kawa da ganye da numfashi guda. Rashin tukunyar iskar ba talauci ba ne, ƙa'ida ce: wadda numfashinta ke iyakance ta ba za ta iya share ƙasan teku ba.

Mafi haɗari shi ne norin dutse, wanda ake kankara a tsakiyar hunturu a gaɓar yamma. Wani wuri da ake kira Uppurui, a jihar Shimane, ya yi suna a kansa, kuma labarin norin wannan gaɓa yana cikin littafin bayanin ƙasar Izumo da aka kammala a 733. A can teku ba ta janyewa sosai, sai dai mutum ya tsaya a kan dutse mai santsi inda igiyar ruwa ke duka, ido ɗaya a kan aiki, ɗaya a kan ruwa. Abin da wuni guda zai bayar ɗan kaɗan ne, shi ya sa yake da tsada.

Yanzu bari in ɗan daɗe a kan nori, domin labarinsa ya fi kowanne nuna inda sanin gargajiya ya tsaya da inda binciken jami'a ya ɗora. A zamanin Edo, watau daga 1603 zuwa 1868, masuntan Shinagawa da Omori, a bakin ruwan birnin da yanzu ake kira Tokiyo, suka lura nori na kama rassan itace da aka kafa a cikin ruwa mara zurfi. Sai suka riƙa kafa rassa da gora da kaka, su girbe da hunturu. Daga masu yin takarda kuma aka ari dabarar daddatsa shi, a zuba a kan 'yar tabarma cikin ƙaramin katako mai kusurwa huɗu, a shanya ya fito falle-falle. Har yau falle guda santimita 21 ne da 19, nauyinsa wajen giram 3. Amma akwai abin da ya gagare su ɗaruruwan shekaru. Nori yakan ɓace da zafi ya dawo da kaka, ba wanda ya san inda yake tafiya, ba wanda ya taɓa ganin irinsa. Wata shekara rassa su cika, wata shekara su fito fayau. Manomin da bai san irin abin da yake nomawa ba, ai ɗan caca ne, kuma su da kansu sukan kira nori ganyen sa'a. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, guguwa da gurɓatar ruwa suka haɗu suka durƙusar da sana'ar.

Maganin ya fito ne daga inda ba a zata ba. A Jami'ar Manchesta ta ƙasar Ingila akwai wata masaniyar tsirrai, Kathleen Drew-Baker, wadda aka raba ta da kujerar koyarwa a 1928 saboda ta yi aure, don a lokacin jami'ar ba ta riƙe matan aure a wannan matsayi. Ta ci gaba da bincike ba albashin malanta. Tana nazarin wani ɗan'uwan nori da ke fitowa a gaɓar Wels, wanda mutanen can ma suke dafawa su ci. A 1949 ta buga ɗan gajeren rahoto a mujallar Nature, inda ta nuna cewa wani jan zare-zare da ke huda ɓawon kawa ya zauna a ciki, wanda masana suka daɗe suna ɗauka wani tsiro ne dabam har suka ba shi suna nasa, ashe nori ne a wata kama. Nan yake ɓuya da zafi, daga nan kuma yake sakin iri da kaka. Sokichi Segawa na Jami'ar Kyushu ya karanta, ya gane abin da ke ciki, kuma a 1953 Fusao Ota na tashar binciken kifi ta Kumamoto ya samo hanyar renon zaren a ɓawon kawa a sa shi ya zuba iri a kan raga. Daga nan nori ya tashi daga caca ya koma noma, kuma Tekun Ariake da ke kudu ya zama babban rumbunsa. Matar ta rasu a 1957, ba ta taɓa sa ƙafa a Japan ba. A 1963 masunta suka tara kuɗi suka gina mata abin tunawa a garin Uto, kuma kowace shekara ran 14 ga Afrilu sukan taru a wurin, suna kiranta Uwar Teku. Ina so ɗalibanmu su lura, ita ba neman hanyar arzurta kowa take yi ba, tambaya ce kawai ta dame ta game da rayuwar wani tsiro. Ina kuma so masu riƙe da kuɗin bincike a ma'aikatu su lura da wannan fiye da ɗaliban.

Mu shiga madafa. Tushen girkin Japan wani romo ne da ake kira dashi, kuma wanda ya saba da miyarmu zai yi mamakin sauƙinsa. Akan ɗauki ɗan yankin busasshen kombu, kamar giram 10 ga lita guda ta ruwa. Ba a wanke shi, sai dai a goge da ɗanyen ƙyalle, domin farin garin da ke jikinsa ba datti ba ne, wani zaƙi ne da ya fito daga cikinsa sa'ad da yake bushewa. A jiƙa shi cikin ruwan sanyi rabin sa'a ko fiye, a ɗora a wuta kaɗan kaɗan, da an ga ruwa na shirin tafasa sai a tsame shi. In aka bari ya tafasa, romon zai yi yauƙi da ɗaci. Daga nan a watsa kankararren kifin katsuwo, wanda aka dafa aka ƙyafe aka busar har ya yi tauri kamar itace, ana fere shi da abin da ya yi kama da abin goge katako na kafinta. Minti ɗaya ko biyu, a tace. Shi ke nan. Ba mai, ba albasa, ba tattasai. A ganina duk halin girkin nan yana cikin wannan tsamewa da wuri: mai dafuwa ya san lokacin da zai janye hannu, kamar yadda mai lauje ya san inda zai tsaya.

Wannan romo ne ya sa wani malamin kimiyyar haɗa magunguna na Jami'ar Tokiyo, Kikunae Ikeda, ya tambayi kansa ko wane ɗanɗano ne wannan, tun da ba zaƙi ba ne, ba tsami ba, ba ɗaci ba, ba kuma gishiri ba. A 1908 ya tace sinadarin daga kombu, ya gano gulutamet ne, ya raɗa wa ɗanɗanon suna umami. A shekarar da ta biyo aka fara sayar da shi da sunan Ajinomoto. A nan ne labarin ya iso har kasuwanninmu, domin wannan shi ne farin magin da ake ƙullawa a leda a kan teburin mai kayan miya, ko da yake yau ba daga ganyen teku ake yinsa ba, daga rake ne da rogo da makamantansu ta hanyar ruɓarwa. Kuma ɗanɗanon ba baƙo ba ne a harshenmu. Gulutamet ɗin nan shi ne ke cikin daddawa, sa'ad da kalwa ta kwana ta nuna. Iyayenmu mata sun san shi tun kafin a ba shi suna, suna cewa miya ta yi armashi ko ta yi lami. Daga baya, a 1913, Shintaro Kodama ya gano kifin katsuwo yana da nasa sinadarin dabam, sa'an nan aka tabbatar in biyun suka haɗu ɗanɗanon yakan ninka sau da yawa. Wadda ta taɓa haɗa daddawa da busasshen kifi a tukunya ɗaya ta riga masana sanin wannan.

Kombu na arewa ne, amma waɗanda suka fi gwaninta da shi mutanen Osaka ne da Kiyoto da Toyama da tsibiran Okinawa na can kudu, inda ba ya fitowa ko kaɗan. Dalili kuwa fatauci. A zamanin Edo jiragen ruwa da ake kira kitamaebune suna ɗauko shi daga Hokkaido su bi gaɓar yamma har Osaka, daga nan wani ya wuce kudu har ya kai Sin. Mu da muke cin goro alhali ba ya fitowa a Kano, mun san yadda hanyar fatake kan mai da kayan nesa na gida. Har biki ma ya shiga: sunansa ya yi kama da yorokobu, watau yin farin ciki, don haka ba a rasa shi a kayan baiko da abincin sabuwar shekara.

Wakame ɗanye launin ƙasa-ƙasa ne, amma da an tsoma shi a ruwan zafi sai ya rikiɗe ya koma kore shar nan take, kuma a lokacinsa akan kawo tukunya a gaban baƙi don su tsoma da kansu su gani. Akan sa shi a miyar miso, wadda ita ma wata irin daddawa ce ta waken suya, a ƙarshen dafuwa don kada ya narke, ko a kwaɗa shi da kokwamba da ruwan tsamin shinkafa da riɗi. Mekabu da mozuku kuwa saboda yauƙinsu ake son su, kuma Japanawa na cikin mutanen duniya kaɗan da za su fahimci abin da ya sa muke son kuɓewa da karkashi. Nori akan gasa shi sama sama a kan wuta har ya yi ƙamshi, a naɗe curin shinkafa da shi. Kombun da aka tsame daga romo ba a zubarwa, akan yayyanka shi a dafa da shoyu, baƙin romon waken suya mai gishiri, da sukari, har ya tsotse, ya zama abin cin shinkafa na kwanaki. Musulmin da zai ci irin wannan a can ya kamata ya tambaya, domin sau da yawa akan zuba mirin ko sake, dukansu kuwa giyar shinkafa ce. Mai girki a gida yana iya barinsu ya ƙara ɗan sukari.

Saura maganar lafiya, inda 'yan talla suka cika zuzutawa. Gaskiya ne ganyen teku na da aidin mai yawa, asali ma daga tokarsa Bernard Courtois ya gano sinadarin a Faransa a 1811, kuma rashin aidin ne ke kawo maƙoƙo a ƙasashen da ke nesa da teku, abin da ya sa ake zuba shi a gishirinmu. Amma kombu yana da shi fiye da kima, kuma yawansa ma yana ɓata aikin maƙogwaro kamar yadda rashinsa ke yi. Hijiki yana tara gubar asenik daga ruwa, har a 2004 hukumar abinci ta Birtaniya ta shawarci jama'arta su bar cinsa. Japanawa ba su bari ba, sai dai suna jiƙa shi su zubar da ruwan, su tafasa su sake zubarwa, su kuma ci kaɗan. Wani irin da ake kira ogonori ya taɓa kashe mutanen da suka tsinto shi a gaɓa suka ci ɗanye, alhali wanda aka gyara ake sayarwa a kasuwa ba ya cutarwa. Wannan ma wani dalili ne da ya sa baƙo bai kamata ya yi ɗiba shi kaɗai ba.

Hijikin nan kuma shekaru da yawa ana yabonsa a kan cewa ya fi kusan kowane abinci sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, ana ba mata masu ciki. A 2015, da hukuma ta sake auna abincin ƙasar, sai aka tarar wanda aka dafa a tukunyar baƙin ƙarfe yana da miligiram 58.2 a cikin giram 100, wanda aka dafa a tukunyar zamani mara tsatsa kuwa 6.2 kacal. Ashe yawancin ƙarfen daga tukunya yake fitowa, kuma masu sana'ar sun daɗe da canza tukwane ba wanda ya lura.